Waterford, birni mafi tsufa a Ayilan: tambayoyi da amsoshi ga mai son zuwa ganin tarihi

Yawancin 'yan uwa da ke zuwa Waterford daga Dublin suke tasowa da safe, su shiga shagon gilashi, su ɗau hoto a bakin kogi, kafin la'asar sun juya. A ganina wannan asara ce babba, don garin nan ƙarami ne amma abin da ke cikinsa ya fi ƙarfin awa uku. Ga tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu.

Wai ina ne Waterford ɗin, kuma me ya sa ake ce masa mafi tsufa?

Yana kudu maso gabashin Ayilan, a bakin kogin Suir, mutanensa sun kai wajen dubu 60. 'Yan Viking ne suka kafa shi a shekarar 914, wato mayaƙan ruwan nan da ke fitowa daga yankin Norwe da Denmak da dogayen jiragensu, suna kai hari suna kuma fatauci. Abin da ya jawo su kogin ne kawai. Suir yana da zurfi, jirgi zai shigo daga teku ya samu inda zai fake daga iska, sannan can ƙasa kaɗan ya haɗu da kogin Barrow wanda shi ma ya riga ya haɗiye Nore, to duk wanda ya riƙe wannan wuri ya riƙe hanyar shiga cikin ƙasa ta koguna uku kenan. Duk tarihin da za ka gani a garin, yaƙi ne ko ciniki ko arziki, daga ruwan nan ya taso. In ka ga allon hanya an rubuta Port Láirge kada ka rikice, garin ne dai da harshen 'yan ƙasar.

Daga Dublin yaya ake zuwa?

Jirgin ƙasa daga tashar Heuston, awa biyu da 'yan mintuna, yana bi ta Kilkenny. Tashar Waterford tana tsallaken kogi, sai ka tako gada ka shigo gari. A mota kuma babbar hanyar M9 ce, wajen awa biyu, amma fa a hannun hagu suke tuƙi. Akwai bas-bas ma, sun fi sauƙin kuɗi.

Yini ɗaya ya isa?

Ya isa ka ga manyan wurare uku in ka fito da wuri, amma ni dai shawarata ka kwana. Tsohon garin, wanda suke kira Viking Triangle, ɗan wuri ne da za ka ratsa da ƙafa cikin minti goma, kuma gidajen tarihinsa an jera su ne bisa zamani: Hasumiyar Reginald ta zamanin Viking, Medieval Museum na zamanin tsakiya, sai Bishop's Palace daga shekarun 1700 zuwa gaba. In ka bi su a haka labarin zai zauna maka a kai, in kuwa ka yi ta tsalle daga nan zuwa can sai ka koma gida da hotuna cike da waya ba ka san me ka gani ba. Ana sayar da tikiti na haɗe da ke shigar da mutum gidajen tarihi da dama, ka tambaya tun a na farko kafin ka biya ɗai-ɗai.

To daga ina zan fara?

Daga Hasumiyar Reginald, a kusurwar da titin bakin kogi ya haɗu da titin The Mall. Gini ne zagayayye na baƙin dutse, katangarsa daga ƙasa ta kai kaurin mita uku. Asalin wurin sansanin 'yan Viking ne, amma ginin da ke tsaye yanzu an fara shi ne wajen ƙarni na 13, aka ƙara masa benaye a ƙarni na 15. Ya yi aiki kala-kala, an buga kuɗi a ciki, an ajiye albarushi, an kulle fursunoni. A 1495 daga nan aka harba igwa kan jiragen Perkin Warbeck, wani da ya taso yana da'awar sarautar Ingila, garin ya ƙi buɗe masa ƙofa, shi ya sa Sarki Henry na 7 ya ba su taken da har yau suke alfahari da shi, cewa Waterford birni ne da ba a ci ba. Cromwell, jagoran sojojin Ingila, shi ma ya kewaye shi a ƙarshen 1649 bai samu shiga ba, sai a 1650 surukinsa Ireton ya karɓe shi.

Kafin ka shiga, ka ɗan ja baya ka ɗaga kai, can sama kusa da rufi akwai dunƙulen harsashin igwa da ya maƙale a jikin dutse tun wancan yaƙi na 1650, mutane da yawa suna wucewa ba su gani ba. A ciki kuma ka lura da matakala, tana murɗawa ne cikin kaurin bango kuma takun ba daidai suke ba, wani dogo wani gajere, ana cewa da gangan aka yi don maharin da ya hau da gudu ya yi tuntuɓe, kai ma ka riƙe igiya ka hau a hankali. A waje gefen hasumiyar akwai jirgin Viking da aka sassaƙa irin na da, tsawonsa wajen mita 12, ka tsaya kusa da shi ka ga yadda ba shi da rufi ko kaɗan, ka tuna da irinsa suke keta teku.

Wane aure ne ake ta maganarsa a garin nan?

Auren Strongbow da Aoife a 1170. Sarkin Leinster da ke gabashin Ayilan, Diarmait Mac Murchada, an kore shi daga sarauta, sai ya tsallaka Birtaniya neman taimako ya samo wani basaraken Norman mai suna Richard de Clare, wanda ake wa laƙabi da Strongbow, ya yi masa alkawarin 'yarsa Aoife da kuma gadon sarauta. Strongbow ya zo da mayaƙa a watan Agusta ya ci Waterford da ƙarfin takobi, kwanaki kaɗan aka ɗaura auren a cocin Christ Church. A shekara mai zuwa, 1171, Sarki Henry na 2 na Ingila ya ga Strongbow, wanda ke ƙarƙashinsa, na neman zama sarki mai cin gashin kansa, sai ya taho da kansa ya sauka kusa da garin. Daga nan hannun Ingila ya shiga Ayilan, bai fita daga yawancin ƙasar ba sai 1922. Don haka in ka ga mutum-mutumin tagulla na ango da amarya a gefen cocin ana zama ana hoto, ka san ba labarin soyayya ba ne, mafarin mulkin ɗaruruwan shekaru ne.

Medieval Museum ɗin ya cancanci kuɗin shiga?

Wallahi in wuri ɗaya kawai za ka shiga a garin nan to wannan ne. An buɗe shi a 2012, kuma an gina shi ne a kan tsofaffin ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, ɗaya na ƙarni na 13 ɗaya na ƙarni na 15, ta cikinsu ake fara zagayen.

Abu na farko shi ne doguwar takardar fata ta 1373, tsawonta wajen mita huɗu. Rigima ce ta kasuwa ta haife ta. Garin New Ross da ke kan kogin Barrow yana ƙwace wa Waterford jiragen fatake, su kuma manyan Waterford suna cewa tun da can sarakuna sun ba su izinin cewa jirgin waje a wurinsu zai sauke kaya, sai suka tattaro duk takardun izinin suka ɗinke su wuri guda, suka sa aka zana hotunan sarakunan Ingila a gefe da hoton garin da ganuwarsa a sama, aka kai wa Sarki Edward na 3 don a ja hankalinsa. Ka matsa kusa da gilashin ka kalli fentin, har yanzu launin bai mutu ba.

Na biyu rigunan limaman coci na shekarun 1460, siliki ne da aka saƙa da zaren zinare a Florence ta Italiya, aka kai Bruges ta Beljiyam aka yi musu aikin allura. Da sojojin Ireton suka tunkaro a 1650 sai aka zuba su a akwati aka binne ƙarƙashin coci, waɗanda suka san wurin suka mutu, aka manta da su shekara 123, sai a 1773 da ake rushe tsohuwar cocin aka ci karo da su. Ɗakin da suke ciki babu haske sosai don kada zaren ya lalace, ka bari idonka ya saba tukuna, sai ka ga fuskokin mutane ƙanana an fitar da su da zare har da gemu da ninkin riga. Duk wanda ya san wahalar aikin hannu a wuyan babbar riga zai daɗe a ɗakin nan.

Akwai kuma jar hular da Sarki Henry na 8 ya aiko wa magajin gari a 1536, wadda ake cewa ita kaɗai ta rage a duniya cikin tufafinsa, da takobin da Edward na 4 ya bayar. Ka ware awa ɗaya da rabi aƙalla, kuma in akwai mai zagayawa da baƙi ka bi shi.

Ni Musulmi ne, cocin nan ana barin kowa ya shiga? Me ke ciki?

Ana barin baƙi in ba lokacin ibada ba ne, ba wanda zai tambaye ka addininka. Shiga ko rashin shiga kuma wannan tsakaninka da fahimtarka ne, daga waje ma ginin abin kallo ne. Manyan cocin biyu ne, Christ Church ta 'yan Angilika da aka sake ginawa a shekarun 1770, da Holy Trinity ta 'yan Katolika ta 1793 a titin Barronstrand, kuma mutum ɗaya ne ya zana su duka, John Roberts, ɗan garin, a zamanin da dokokin ƙasa ke danne Katolika sosai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Ayilan ta lokacin.

A cikin Christ Church akwai kabarin James Rice, wanda ya yi magajin gari sau 11 a ƙarni na 15. Maimakon a sassaƙa shi da kayan sarauta, sai aka sassaƙa gawarsa tana ruɓewa, likkafani a buɗe, haƙarƙari a waje, tsutsotsi na ratsa ƙasusuwa, ga kwaɗo zaune a kan ciki. Rubutun da ke gefe yana gaya wa mai wucewa cewa yadda kake haka nake a da, yadda nake haka za ka zama. Mai kuɗi ne mai mulki, shi ya zaɓi a tuna da shi a haka, kuma ni ban ga wani abu a garin da ke sa mutum shiru kamar dutsen nan ba.

Gilashin Waterford da ake ta yayatawa fa?

'Yan gidan Penrose, George da William, suka fara sana'ar a 1783, ta durƙushe a 1851, sai bayan yaƙin duniya na biyu a 1947 wani ɗan ƙasar Cek, Charles Bacik, ya farfaɗo da ita tare da ɗan ƙasarsu Miroslav Havel. Babbar masana'antar da ke Kilbarry ta ciyar da dubban iyalai, aka rufe ta a farkon 2009, ma'aikata suka yi zaman dirshan a ciki na makonni, har yau in ka taɓo zancen da dattijon gari za ka ji ciwon bai warke ba. Wanda ake zuwa yanzu, House of Waterford a kan The Mall, an buɗe shi a 2010. Za ka ga ana hura narkakken gilashi da dogon bututu, ana zana layi a jiki, mai yanka ya kanga shi a kan dutsen niƙa mai juyawa ruwa na zuba. Yana da kyau ƙwarai, sai dai ka sani da yawan kayan da ke ɗauke da sunan yanzu a wasu ƙasashen Turai ake yin su, in kana son na gida ka tambaya kafin ka biya. Mafi tsufan gilashin Waterford da ya rage, wata kwalba ta 1789, tana Bishop's Palace, gidan da aka gina a 1743, tsallaken titi kawai.

An ce a nan aka fara ɗaga tutar Ayilan?

Haka ne, ranar 7 ga Maris 1848, a gida mai lamba 33 a The Mall. Thomas Francis Meagher ya ɗaga ta, kore na Katolika, ruwan lemo na Furotesta, fari a tsakiya na zaman lafiya tsakaninsu. Rayuwar mutumin nan ita kanta abin mamaki ce: an yanke masa hukuncin kisa saboda tawaye, aka sassauta aka kai shi Tasmaniya, ya gudu Amurka, ya zama janar a yaƙin basasarsu, ya riƙe gwamnan Montana, a 1867 ya faɗa kogin Missouri ba a ga gawarsa ba. Shi ne ke kan doki a mutum-mutumin da ke kusa da hasumiya.

Akwai sauran ganuwa?

Akwai, kuma wannan ne abin da baƙi suka fi tsallakewa. Hasumiya shida suka rage da dogayen ɓangarori na katanga, amma kamar badalar Kano, gari ya girma ya haɗiye ta, sai ka gan ta bayan gidaje ko gefen wurin ajiye motoci. Ka nufi wajen Manor Street da Castle Street, a nan Watch Tower da Double Tower da French Tower suke kusa da juna, ba ko sisi. A hanya ka leƙa Greyfriars, kangon coci na wajen 1240 wanda daga baya aka ba 'yan gudun hijirar Furotesta daga Faransa suna ibada a ciki, shi ya sa ake ce masa cocin Faransawa.

Akwai wani abu da ya shafe mu a tarihin garin?

Abu biyu. A 2003 ana shirin yin hanya a Woodstown, 'yan kilomita sama da garin a bakin Suir, aka gano mazaunin 'yan Viking na ƙarni na 9, wanda ya girmi garin kansa. Cikin abin da aka tono akwai takobi da ma'aunai na dalma da guntayen azurfa, har da gutsuren dirhami mai rubutun Kufi daga ƙasashen Musulmi. 'Yan Viking ba ruwansu da rubutun, nauyin azurfar suke aunawa, shi ya sa suke datsa shi, amma ka ga nisan da fatauci ya kai a lokacin.

Na biyu, Frederick Douglass, baƙar fatar Amurka da ya tsere daga bauta ya zama babban mai yaƙi da ita, ya yi jawabi a zauren majalisar garin a Oktoba 1845, akwai allon tunawa da shi a jikin ginin a The Mall. Daidai lokacin ne cutar dankali ta fara, wadda ta jawo yunwar da ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya a Ayilan.

Abinci da sallah fa?

Abin garin shi ne blaa, ɗan burodi mai laushi da aka barbaɗe da fulawa, tun 2013 Tarayyar Turai ta yi masa rajista cewa na yankin ne kaɗai. Da safe ake cinsa, kafin rana ya bushe. Amma a kula sosai, abin da suka saba cusawa a ciki naman alade ne, garin ma ya yi suna a sana'ar tun zamanin kamfanin Denny a 1820, don haka ka ce a sa maka bota ko ƙwai ko cuku kawai, kuma ka tambaya ko a kasko ɗaya ake soyawa. Kifi da soyayyen dankali akwai ko'ina, sai dai wasu na kwaɓa fulawar kifin da giya, shi ma a tambaya. Akwai shagunan halal da gidajen abinci na 'yan Pakistan da Turkawa, kuma akwai jama'ar Musulmi saboda babban asibiti da jami'a, ka tambayi mai shagon halal inda ake Juma'a zai nuna maka. Alƙibla gabas ce ta ɗan karkata kudu.

In na kwana biyu, ina zan je wajen gari?

Ka yi hayar keke ka hau Greenway, tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce da aka mayar ta masu keke da ƙafa a 2017, kilomita 46 har Dungarvan, ba mota ko ɗaya. Farkonta tana bin gefen kogi ta wuce lambun Mount Congreve, can gaba akwai doguwar gadar dutse a Kilmacthomas da wani rami mai duhu a Ballyvoyle mai tsawon wajen mita 400, ba dole sai ka ƙure ta ba. Mai son teku kuma Tramore na nan kusa, wajen kilomita 13, a kan tudun bakin ruwa akwai wani mutum-mutumin ƙarfe a kan ginshiƙi da aka kafa a 1823 bayan jirgin Sea Horse ya nutse a 1816 da mutum sama da 360. In kana da mota ka je Passage East ka hau jirgin fito zuwa Ballyhack, daga nan ka gangara Hook, hasumiyar fitilar jiragen ruwa da ta shekara wajen 800 tana aiki.

Wane lokaci ya fi?

Mayu zuwa Satumba. Ana ce wa yankin mai rana, amma da ma'aunin Ayilan ne, ruwa na iya sauka kowane lokaci, ka zo da rigar ruwa mai hula don iskar bakin kogi na karya lema. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuwa huɗu da 'yan mintuna an yi magariba, mai azumi ya lissafa da wannan. Farkon Agusta ana bikin Spraoi na wasannin titi, ƙarshen shekara kuma Winterval, a lokutan nan ɗakin otal na wahala sai an kama da wuri. Wasu wuraren suna rage awannin buɗewa da hunturu.

Bizar Ingila ko ta Shengen za ta shigar da ni?

A'a. Ayilan ba ta cikin Shengen, kuma ƙasa ce dabam da Birtaniya, mai fasfon Najeriya ko Nijar sai ya nemi bizar Ayilan ɗin kanta, suna da ofishin jakadanci a Abuja. Kada wani ya ruɗe ka da cewa ka sauka Belfast ka gangaro tunda ba shinge a iyaka, laifi ne kuma ana duba bas da jirgin ƙasa. Kuɗinsu yuro ne, kati na aiki kusan ko'ina, soket ɗinsu kuma mai ƙafa uku ne irin na Najeriya.

Zan zo da Hajiya da yara, za su iya?

Hajiya za ta ji daɗin Medieval Museum da Bishop's Palace da gidan gilashi don akwai lifta ko kuma ƙasa ce a shimfiɗe, amma Hasumiyar Reginald kam a bar ta ta huta a benci a waje, matakalar ba ta mai ciwon gwiwa ba ce. Wasu lungunan daɓen dutse ne mai santsi in an yi ruwa, a sa takalmi mai kama ƙasa. Yara kuma jirgin Viking da wani ƙaton takobin katako mai mita 23 da aka sassaƙa daga itace guda kusa da Greyfriars za su ɗauke musu hankali, akwai kuma gidan tarihin agoguna a nan kusa, sai People's Park in sun gaji suna son gudu. Kabarin James Rice ne kawai zan ce iyaye su fara leƙawa tukuna kafin su shiga da ƙananan.